Lilon Yaya Sale da Kadan Ƙarfe

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana, Malam Sale kafinta, Allah ya jiƙansa. Duk shekara nakan tara 'ya'yansa mu yi masa addu'a mu watse, ban taɓa kai maganarsa jarida ba. Bana na kasa yin shiru, saboda abin da ya same ni da jikarsa a Sallar da ta wuce.

A ƙauyenmu, can gefen Kafin Hausa, manya sun san Yaya Sale da ƙofofi da gadaje, yara kuwa da lilo suka san shi. Duk jajibirin Sallah yakan kafa shi a fili, da kujerun katako masu hawa sama su sauko. A gaban kowace kujera ya sassaƙa kan raƙumi, ya shafa masa fenti, har da gashin ido. Na taɓa ce masa wahalar banza yake yi. Ya ce mini, "Kai katako kake gani. Su fatauci suke tafiya."

Da hannu ake juya lilon, ni da shi. Doka ɗaya gare shi: duk yaron da ya ce "a tsaya", to a take ake tsayawa, ko da sauran za su yi ta ƙunƙuni. Yakan sauke yaron, ya share masa hawaye da gefen rigarsa, sannan a ci gaba. Haka na tsufa ina zaton wannan ita ce dokar kowane lilo a duniya.

Yanzu ina zaune a Yalwawa, cikin Dutse. Da Sallah wasu 'yan kasuwa suka kafa wurin wasan yara a bayan gari, kuma abin da ya fi jan jama'a shi ne wani ɗan jirgin ƙasa mai gudu a kan dogo, yana hawa yana gangarawa. An yi masa kan kada mai murmushi, taragai koraye shar, da jela a baya. An gina masa kogon siminti, an jera itatuwan dabino na roba, alhali ga duwatsun gaske da dabinon gaske suna kallonmu daga nesa. Kujerar ta mutum biyu ce, babba da yaro. Na ga uwaye da 'ya'yansu suna sauka suna dariya, har da wata dattijuwa. Na ce a raina, da Yaya yana nan da ya zagaya kadan nan, ya ƙwanƙwasa haƙoransa, ya nemi wanda ya ƙera shi ya yi masa sannu da aiki. Dabararsu ɗaya ce.

Hafsatu, 'yar ɗansa Ibrahim, shekararta bakwai. Ubanta ya danƙa mini ita ranar don yana wurin aiki. Ta tsaya tana leƙen kadan ta bayan babbar rigata.

Na ce, "Amarya, tsoro kike ji?"

Ta ce, "Kai dai ango ne matsoraci. Ni tunani nake yi." Can ta rage murya. "In ban so ba, za su sauke ni?"

"Da kin ce a tsaya, za a tsaya. Na yi miki alkawari."

Akwai allon sharuɗɗa a bakin ƙofa, amma da Turanci aka rubuta, ni kuwa ajami na iya. Ban tambayi kowa ba, don ban ga abin tambaya ba.

Muka zauna, aka sauko mana da wani ƙarfe a kan cinya, ya kulle. Ni ya matse ni, ita kuwa na ga sarari tsakaninta da shi. Jirgin ya fara hawa a hankali, sarƙa tana ƙas-ƙas a ƙarƙashinmu, mutane suna ƙanƙancewa. Muna dab da ƙololuwa ta damƙe mini hannu. Ba ta ce ango ba. Ta ce, "Kaka, a tsaya."

Na ɗaga hannu ina kiran mai kula da injin. Sai na ga duk waɗanda ke gabanmu su ma hannunsu a sama yake, suna ihun murna. Mutumin ya hango ni, ya yi dariya, ya ɗago mini nasa hannun.

Sannan kadan ya sunkuya. Hulata ta tafi. Na ji jikin yarinyar ya ɗaga daga kujera, ko kuwa tsoro ne ya nuna mini haka, Allah ne masani. Na rungumo ta da hannu ɗaya, ina ta Innalillahi, ba abin da nake gani sai fuskar Ibrahim da abin da zan faɗa masa. Muka faɗa kogon, duhu ya rufe mu, tana ta maimaitawa a ƙirjina, "Ka ce su tsaya, ka ce su tsaya." Da muka fito na hango wurin sauka na yi hamdala, sai jirgin ya wuce shi ya sake kama hawa.

Daga ƙarshe jirgin ya tsaya, muka sauka. Mai injin ya kawo mini hulata, cikin ladabi ya ce, "Baba, in ya tashi sai ya gama zagayensa. Tsayar da shi a sama ya fi haɗari." Gaskiyarsa ce. Ba wanda ya ji ciwo, ba kuma laifin kowa.

Na miƙa wa Hafsatu hannu, ta ɓoye nata a cikin hijabi. A keke napep ta zauna can ƙarshen kujera. Ba kuka take ba, da ma kukan ta yi. Har muka isa gida magana ɗaya ta faɗa mini: "Ka ce za a tsaya."

Na daɗe ina tunanin me Yaya zai ce. Ba na jin zai zagi jirgin, mutum ne mai son ganin yara suna murna. Ina jin ni zai duba, ya tambaye ni yadda na ɗauki alkawari a kan abin da hannuna ba ya kai. Shi da ya ce za a tsaya, ƙarfen juya lilon yana riƙe a tafinsa. Lilon nasa gara ta cinye shi tuni, kawunan raƙuman ma ban san inda suka shige ba. Abin da ya rage shi ne mu da muka girma a gabansa, muka saba cewa in yaro ya ji tsoro akwai babba mai ji, mai kuma iko.

Bayan kwanaki na zaunar da ita na ba ta labarin kakanta, wanda ba ta taɓa gani ba. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Shi ko yana nesa yana ji?"

Na ce, "Ba ya yin nesa."

Ta ɗan yi wasa da bakin tabarma. "To nasa zan hau. Kai kar ka ƙara kai ni."

Allah ya haskaka kabarinka, Yaya, ya kuma ba ni tsawon ran da yarinyar nan za ta sake yarda da maganata.