Maganar Jarka Kafin Babban Taro

Gidan man da mahaifina ya bar mini yana bakin hanyar shiga Sabon Birni, famfo biyu da ɗan ofis mai rufin kwano. Tare da shi na gaji kujerarsa a ƙungiyar dillalan man fetur, a reshen da ya haɗa Sabon Birni da Isa. Shugaban reshen wani Alhaji ne na Isa, abokin mahaifina tun suna tallan kananzir a gwangwani. Baba nake kiransa, kuma shi ne wakilina ranar ɗaurin aurena.

A shekarar da nake magana, uwar ƙungiya ta sanar cewa za a yi babban taro a Abuja. Kowane reshe zai tura wakilai, za a kuma ba shi dama ya faɗi damuwarsa gaban manya. Lokacin 'yan bindiga sun hana hanyoyinmu sakat. Direbobin tanka kan iso Sakkwato su ƙi ƙarasowa. An kuma hana sayar da mai a jarka, don kada ya isa daji. Dokar tana da dalilinta, ban taɓa musun haka ba. Amma ni ke ganin manoman Unguwar Lalle. Mutum zai ɗauro injin ban ruwa a bayan babur, ya kawo a cika masa ɗan tankin, ya koma gona, kafin azahar man ya ƙare. Wasu haka albasarsu ta bushe suna kallo.

Tun daga wurin da za a zauna a tsara tafiya aka fara cacar baki. Mutanen Isa suka ce mu je, mu muka ce su zo, don ba mai son bin hanyar. A ƙarshe mu muka sauko. Muka bi ayarin motocin kasuwa, kowa bakinsa ɗauke da addu'a, har muka isa gidan man Baba, inda aka jera kujerun roba a ƙarƙashin rumfa.

Na zauna ina sauraro. Aka daɗe kan anko, ko farar shadda ko ruwan toka. Aka koma kan hula. Aka yi gardamar motar da za a shiga, da masaukin da ya dace da darajar reshe, da lambar yabon da za a miƙa wa shugaban ƙungiya na ƙasa. Hajiya ma'ajiyarmu, mai shagon iskar gas a Isa, ita kaɗai ce mace a cikinmu, ta yi tagumi tana kallon titi. Da na ga rana na yi, na ɗaga hannu.

"Baba, duk wanga mun ji. Amma in an miƙo muna lasifika, mi za mu ce?"

"Godiya za mu yi," in ji shi, "mu roƙi a ƙara muna kason mai a daffo."

"Maganar jarka fa? Mu roƙi a bar manomin da mai gari ya shaide shi ya sayi na injinai. Mutanenmu suna wahala."

"Ba za a ambaci jarka ba."

Na ce ai don irin wannan aka kira taron, ba don shadda ba. Wasu daga cikin mutanen Sabon Birni suka gyaɗa kai. Wani ɗan Isa ya ce mu kullum sai mun nuna mun fi kowa tausayin talaka. Murya ta fara tashi ta kowane gefe. Ni kuwa na ce, "In ba mai faɗi, a sa ni cikin wakilai, ni za ni faɗi."

Baba ya cire tabarau, ya goge da bakin riga, sannan ya dube ni.

"Kai, tun ɗazu jarka, jarka. Wai wa kaka son sayar ma wa? Manoma, ko waɗanda ke bayan gonakin?"

Wanda bai zauna ƙasarmu a waɗannan shekaru ba, ba zai gane nauyin wannan tambaya ba. A kan abin da bai kai ta ba an fitar da mutane daga gidajensu, ba su dawo ba. Na miƙe, kujerar ta faɗi a bayana.

"Baba, maimaita."

"Tambaya na yi."

"Alhaji, ka ji tsoron Allah!" in ji Hajiya. Wani ya riƙe mini hannu, na fizge. An kawo tuwo da miyar kuka, ban ko duba ba. Na fita bakin titi na jira mota a rana.

Maganar ba ta tsaya a Isa ba. Cikin 'yan kwanaki na ga 'yan kabu-kabu suna wuce famfona su je gaba. 'Yan sa-kai suka riƙa zama a gindin dogonyaron da ke tsallaken titi, suna duban duk wanda ya tsaya wurina. A masallaci wani maƙwabcina ya fara amsa sallamata a ciki-ciki. Mahaifiyata, da ƙafarta mai ciwo, ta taka har gidan malamin da ya karantar da ni allo. Shi ya tsaya bayan sallar Juma'a ya ce ya san ni, ya san ubana, kuma duk mai hujja ya kawo. Ba wanda ya kawo. Duk da haka an daɗe kafin ciniki ya dawo.

Ana cikin haka Hajiya ta zo Sabon Birni ta'aziyya, ta biyo ta ofishina. Ta rufe ƙofa da kanta.

"Ɗana, abin da za ni faɗa maka, amana ne. Damanar bara an ɗauke ƙanen Alhaji a gonarsu ta wajen Turba. Cikin abin da mutanen dajin sunka nema na fansa har da mai. Shi da kansa ya cika jarkoki ya kai. In an buɗe maganar jarka, tsoro yake a tono."

Da ƙanena ne, ni ma da na kai, wannan ban yaudari kaina ba. Amma ba tausayi na ji ba. Mutumin ya san sarai abin da kalmar ke jawowa, yana kwana da tsoronta, sai ya ɗauke ta ya aza a kaina don ya rufe mini baki.

Washegari na koma Isa. Na same shi a zaure, ana gwada masa sabuwar rigar taro. Na jira tela ya fita.

"Na san abin da ya faru a Turba," na ce.

Fuskarsa ta sauya, amma bai sunkuyar da kai ba. "To, tafi ka faɗa."

"Ba za ni faɗa ba. Abu guda nike so. Ka zo Sabon Birni, gaban mutane, ka janye maganarka."

"Ni ban ce ka yi ba. Mi za ni janye?"

"An kusa kashe ni saboda bakinka."

"Ubanka bai taɓa ɗaga mini murya cikin gidana ba."

"Ubana bai san haka kake ba."

Ya nuna mini ƙofa. Na sa takalmana na fita, ban yi sallama ba.

Ba a sa ni cikin wakilai ba. Sun tafi Abuja cikin shadda ruwan toka, na ga hotunan a waya, Baba yana miƙa lambar yabo yana murmushi. Da aka zo kan reshenmu ya yi godiya, ya roƙi ƙarin kaso, ya zauna. Mu na Sabon Birni muka daina zuwa taron Isa, muka koma zama a junanmu, ko da yake a takarda har yau reshe ɗaya ne.

Sirrinsa yana nan wurina, ban faɗa wa ko matata ba sai da abin ya zama tsohon zance. Haɗuwarmu ta ƙarshe a jana'izar wani direban tanka ce da ya yi mana aiki mu duka. Da aka ɗauki makara, na tsinci kaina a baya, shi yana gaba. Haka muka kai mamacin har maƙabarta. Aka rufe shi, aka yi addu'a, kowa ya nufi motarsa.