Ƙafafun Kaka

A shekarun da kowa a Douala ba ya da zance sai "la kiris", wato matsin tattalin arziki, aka sallami Baba daga ofishinsu a Bonapriso, gidanmu na New Bell ya watse. Baba ya tafi Gabon neman aiki, Inna ta bi shi da ƙannena, aka bar ni da Kaka, mahaifiyarsa. Da tsufanta ta koma fatauci. Takan hau jirgin ƙasa har Ngaoundéré ta saro wake da gyaɗa, ta dawo ƙafafunta sun kumbura sumtum saboda zama, ko silifa ba ya shiga.

Bayan magariba sai ta miƙe su gaban murhun gawayi, ruwa na dukan rufin kwano, ta ajiye gwangwanin man kaɗanya a gefen wuta ya narke.

"Dije, ƙawata, matso. Ga ta nan, ga ta nanki, amma fa sai hannu ya motsa."

Ƙa'idarta ke nan. Ina tausa tana tatsuniya, na tsaya ta tsaya. Kuma ba ta yarda da tausar ganin dama. Daga idon sawu ake farawa, a haura a hankali har gwiwa. In na kuskura na yi ƙasa sai ta make min hannu. "Dusuma, a hankali! Sama ake kora gajiya. Ke kina mayar min da hanyar Ngaoundéré cikin ƙafa."

Tatsuniyar guda ɗaya ce kullum. Wani farke ne ƙafafunsa suka ɓata da juna, ta dama na son kasuwar gaba, ta hagu na son gida. Aka ce masa ba za su shirya ba sai wanda ya san sunansa na yarinta ya tausa su. Ya shiga wannan gari ya fita wancan. Ko'ina akwai masu tausa, amma kowa "baƙo" yake ce masa.

Ni kuwa abin haushi yake ba ni. Hannuna ya gaji, farke bai isa ba.

"Kaka, wai yaushe zai kai gida?"

"Saura gari ɗaya."

Wata yamma na ce, "Wallahi ke kike ƙara garuruwan nan." Na goge hannuna a zane na tafi maƙwabta kallon talabijin. Ba ta kira ni ba. Da na dawo na tarar tana ƙoƙarin shafa wa kanta man, hannunta ya kasa kaiwa idon sawu. Na yi kamar ban gani ba. Washegari ta kama hanya. A Ngaoundéré ciwo ya kwantar da ita, can aka binne ta.

Yanzu ni ce a hanya, ina kai atamfa Garoua. A masauki nakan tausa ƙafafuna daga ƙasa zuwa sama, nauyin ya sauka nan da nan. Saurin saukarsa ne ya tona min asirin Kaka: tun farke bai bar gari na biyu ba ƙafafunta sun sake. Sauran garuruwan don kada in ɗauke hannuna ne, don duk gidan ni kaɗai na rage mata. Wannan abu yana min ciwo har yau.

A tasha da masauki kowa "Madam" yake ce min, babu mai cewa Dije. Ni ma har Kaka ta rasu ban taɓa tambayarta sunanta na yarinta ba.