Ba Ruwana, Kamar Amurka

Ranar Asabar ɗin farko ta hutun Disamba, shekarar da na cika tara, Baba ya kwashe kayan shayi ya baje su a kan kafet ɗin falonmu na unguwar Cheetham Hill a Ingila. Butar shayi ita ce Ingila, gwangwanin madara Faransa, ni kuma da aka zaunar can bakin hitar ɗumama ɗaki ni ce Amurka tana jaririya. Cokula su ne jiragen ruwana. Abin da yake karanta a digirinsa na uku ke nan, yadda Amurka ta kwashe da manyan ƙasashe farkon samun 'yancinta, kuma tunda ba mai sauraronsa a gidan sai ni, ni na sha lacca. Faransa ce ta taimake ta ta samu 'yanci, Ingila ce babbar abokiyar cinikinta, sai ga su biyun sun kaure da yaƙi. Shugaban Amurka na farko ya ce ba ruwansu da faɗan kowa. Na tura cokali, buta ta cafke. Na tura wani, gwangwani ya cafke. Na yi ta ihu wai ai wannan zalunci ne, Baba yana dariya har da riƙe ciki.

Lokacin Mama ta riga ta koma Birmingham, wurin yayarta Inna Rabi a Balsall Heath, tana aikin kula da tsofaffi. An ce mini saboda aiki ne, ni ma na yi kamar na yarda. Ranakun makaranta ina wajen Baba. Allah ya jiƙansa, mutum ne mai ilimi, amma tuwonsa gudaji ne zalla, miyar kuka kuwa sai dai a ci don kara. Ni ce mai wanke-wanke, ina tsaye kan kujera don hannuna ya kai famfo, ni ce mai riƙe leda idan mun je sayen nama. Da yamma mu yi ta tsallen igiya da 'ya'yan maƙwabtanmu 'yan Pakistan a bayan manyan ɗakunan ajiyar kaya, inda Baba yake ɗaukar kwalaye idan ba shi da karatu. Yawancin ranakun Juma'a mu hau bas, ya miƙa ni ga Mama a tasha, su gaisa a tsaitsaye ba mai kallon wani. Tana yi mini kitso tana tambaya, "Me babanki yake ba ki kika rame haka?" A hanyar dawowa shi kuma ya ce, "Mamanki ta yi maganar komawa gida?" Na ƙware a cewa ban sani ba.

Da Baba ya gama karatu, jami'ar da ta turo shi daga Zariya ta ce ya dawo bakin aiki. Mama ta ce ita kam ba inda za ta. Aka zauna a falon Inna Rabi, aka kira ni. Baba ya ce, "Hadiza, ke me kike so? Zariya da ni, ko nan da mamanki?" Su biyun nake so, a gida ɗaya, amma ba wannan aka tambaye ni ba. Sai na tuna akwai amsar da Baba da kansa ya koya mini. Na ce, "Ni ba ruwana, Baba. I'm neutral, kamar Amurka." Inna Rabi ta fashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Kin riƙe karatu." Manya suka yanke magana: yarinya da uwarta, ga kuma makaranta. Bai sake tambayata ba har ya bar duniya.

A wancan zamanin sai an sayi katin waya ake jin murya, ana cikin gaisuwa ya ƙare. Yanzu 'ya'yana suna kwance a kan gado suna ganin fuskar dangi a Zariya duk lokacin da suka ga dama, sai dai wanda nake son gani ba ya nan. Bara na je ta'aziyyarsa. Gidan ya cika da tsofaffin ɗalibansa, wasu har da furfura, kowa da abin da ya tuna: yadda yake tsokana, waƙar da yake yi idan yana gyaran mota, ciwon da ya ɓoye shekara da shekaru. Na zauna a tabarma ina sauraro. Ni ce 'yarsa ta fari, amma ni aka yi ta ba labarinsa.