Gyaran da Ya Cinye Muryar Mijina

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni mace ce mai ji da kanta wajen ciniki. Haifaffiyar Agege ta Legas ce ni, tela, Yarbanci a bakina kamar ruwa, kuma ban taɓa barin gaban ɗan kasuwa bai yi mini gyara ba. Mijina, Allah ya jiƙansa, har tsokanata yake yi, wai ko likkafani zan saya sai na ce a ƙara mini ƙyalle.

Direban tirela ne. In ya shiga layin ɗaukar kaya a tashar jiragen ruwa ta Apapa sai ya daɗe bai leƙo gida ba, sai ya riƙa turo wa 'yarmu saƙon murya. Sunan mahaifiyarsa ta ci, don haka ba ya kiranta sai da "uwata". Ya yi mata waƙa, ya kwaikwayi hon ɗin motoci, ya tambaye ta karatun Islamiyya. Tana ƙarama ya rasu a hatsari, wayarsa ta ƙone tare da motar. Da tawa wayar ta fara ciwo na kwashe saƙonnin kaf na zuba a kwamfutar gida, wadda nake adana samfurin ɗinki a ciki. Daga baya wayar ta mutu. Duk Juma'a bayan la'asar nakan kunna mata, ta zauna tana amsa masa kamar yana jinta.

Ƙanin mijina, mai aikin ɗab'i a Ogba, ya sha gaya mini in sayi manhajar tsaro ta gaskiya, ko in bar wadda ta zo da kwamfutar ta yi aikinta, kuma in kwafi saƙonnin a wani wuri daban. Nakan ce to, in manta. Rannan na je Ojo sayen caja, na faɗa shagon wani ɗan Arewa, yana ta Hajiya kaza Hajiya kaza. Muka gama ciniki, na ce ina gyarana? Sai ya ɗauko filashi ya ce babban anti-bairos ne, na har abada, ba sabuntawa ba biya. Sharaɗi ɗaya, in kashe tsaron da ke cikin kwamfutar kafin in saka, don kada su yi faɗa. Wallahi har daɗi na ji, na ce ɗan gida ba zai cuce ni ba. Da na zo sakawa kwamfutar ta yi ta nuna mini gargaɗi da jan rubutu, na yi tsaki na danne. Har na kira ƙanin mijina ina masa gori na samu a banza.

Juma'ar da ta biyo, yarinya ta yi wanka ta zauna gaban kwamfuta, na danna, shiru. Sunayen saƙonnin duk sun rikiɗe, ga wani rubutun Turanci wai an kulle komai, sai an biya kuɗi za a buɗe. Innalillahi! Na rungumi kwamfutar na hau motar haya ta danfo zuwa Ogba. Ƙanin mijina ya kai ni wurin masu gyara, ogansu ya duba ya duba, ya ce abin da na saka ba tsaro ba ne, shi ne ɓarawon, kuma ni na buɗe masa ƙofa. Ya ce ko an biya masu kullewar ba tabbas. Ƙanin mijina ya miƙo mini kwamfutar muka fito. Na koma Ojo, mutumin ya rantse shi ma karɓa ya yi a hannun wani, har yana cewa zai canja mini wani filashin. Ko ƙarfin cewa Allah ya isa ban samu ba.

Na ce wa yarinyar kwamfuta ce ba ta da lafiya. Ta yi ta jira har ta daina tambaya. Kwanan baya ina ɗinki ta dafa ni ta ce, "Mama, yaya ma Baba yake cewa uwata? Na manta." Na buɗe baki in kwaikwaya, sai kuka.

Jama'a, araha ba ta ado. Duk manhajar da aka ce sai kun kashe tsaronku kafin ta shiga, ku guje ta, ko ɗan uwanku ne ya miƙo. Abin da ba ku da na biyunsa, ku kwafe shi yau, kada ku ce gobe. Ni dai tun ranar ban ƙara neman gyara wurin kowa ba, amma hakan bai dawo wa marainiyata da muryar ubanta ba.