Manhajar da na lalata da gangan

Da ƙungiyarmu ta masu busasshen kifi a Nguru ta nemi mai gina mata manhajar waya, ni aka ba tantance masu neman aikin, don na taɓa koyon sana'ar. Takardun shaida sun ishe ni, kowa gwani ne a takarda. Sai na lalata wata ƙaramar manhaja da gangan, na ajiye wa kowa a kwamfuta, na koma gefe ina son ganin ta inda za su fara.

Mutum biyu suka gyara ta nan take. Ta ukun, wata mata daga Gashuwa, ita ma ta gyara, amma ba ta tashi ba.

"Malam, wace irin waya 'yan kasuwar suke riƙewa?" ta tambaye ni. "In sun je bakin kogi sabis ya ɗauke, me manhajar za ta yi musu?"

Shekara da shekaru ina cikin mutanen nan, ban taɓa duba wayoyinsu ba. Ita na ɗauka aikin. Washegari muka zaga kasuwa tare, tana tambaya, ni ina riƙe mata littafi.