Kan Jirgin Baba

A ƙasarmu babu jirgin ƙasa. Na girma a Damagaram ban taɓa ganin dogo ba. Sai da na zo Amurka aka sa ni haɗa jirgi da hannuna.

Aikin jinya na samu a McLeansville, gidan wani tsohon Bature mai ciwon rawar hannu. A nan nake kwana. Ba ni da mota, ba ni da lasin, bas ba ta zuwa wajen. In na leƙa taga, gona ce da itatuwa. Masallaci da 'yan uwa suna can cikin Greensboro, sai dai in ji su a waya. 'Yarsa ce ta ɗauke ni aikin. Tana zaune a Sedgefield, wata Lahadin ta zo, wata ba ta zo ba. Shi kuwa Baba nake ce masa.

Jiragensa suna ɗakin ƙasa, kan wani babban tebur da dogo ya zagaye. Ƙanana ne, irin na dā masu cin kwal. Na ɗauka kayan wasan jikoki ne. Babu jikoki. Nasa ne.

Akwai wani kan jirgi da ya fara bai gama ba. Kullum bayan karin kumallo in sauko da Baba, ya ɗauki hantsaki, abin ya suɓuce, in durƙusa in nemo. Rannan ya miƙo mini hantsakin.

Takardar haɗin ba ta amfane ni ba, ban yi lakwal ba, wato boko. Da launi na riƙe: jar waya ta ƙafafun dama, baƙa ta hagu, fara da shuɗiya na fitila. Fitilar ba ta fi ƙwayar shinkafa ba. Na koyi narka dalma a bakin waya, hayaƙi yana shiga mini ido, na ƙona yatsu. Daga nan muka shiga ƙananan kaya: ƙararrawa, ƙarfen riƙo na gefe, bututai sirara kamar tsinken tsintsiya. Da bakin allura ake ɗiga gam. In ya yi yawa ya sa ni kankarewa. Yakan tsokane ni wai ga injiniyar da ba ta taɓa ganin jirgi ba.

"Kai ma ba ka taɓa ganin gero ba, Baba," na ce, "ga shi kana shanye mini kunu."

A nan ƙasan ya gaya mini 'yar tana so ta kai shi gidan tsofaffi. Yana so ta ga jirgin yana tafiya, ta san hannunsa da kansa ba su mutu ba.

Ni ma ina da tawa. Wata 'yar garinmu ta samo mini gurbi a shagon kitso a East Greensboro, har da ɗaki kusa da mutanenmu. Amma na yi wa 'yar alkawari ba zan tafi ba muddin yana gidan. In an kai shi, na fita ke nan. Ina son fitar.

Ranar Lahadi 'yarsa ta zo, muka sauka. Ya murɗa maɓallin kuran, wato lantarki, fitila ta kama, jirgin ya tashi yana zagaye. Ta sunkuya ta dubi ƙararrawar, ta dubi bututan, ta dubi hannuwansa da ya cusa a hammata. Sai ta juyo gare ni.

"Gaya mini gaskiya. Shi ya yi wannan?"

Baba bai dube ni ba. Jirgin yake kallo.

A wajenmu ba a tona wa babba asiri a gaban ɗan da ya haifa, ko da shi ne mai laifi. Ba tunani na yi ba, haka aka tashe ni.

"Jirginsa ne," na ce. "Shi ya san inda kowace waya take zuwa."

Ta ce ba abin da ta tambaya ke nan ba. Na ce Turancina bai kai nan ba. Ta daɗe tana kallona. Ina jin ta gane. Daga baya ta ce a bar maganar sai bayan sanyi.

Da ta tafi na kira 'yar garinmu, na ce ta ba wata gurbin. Ta ce Baturen ubana ne? Na ce a'a. Ta ce to me ya riƙe ni? Na ce dalma tana wuta, na kashe wayar.

Washegari Baba ya ce in sauko masa da wani kwali daga saman kanta. Wani kan jirgin ne, ko buɗe shi ba a yi ba. Da na janyo shi na ga akwai wasu a bayansa.