Baba Ƙasimu da Shukar da Ba Ta Son Taki

Duk wanda ya saba bi ta layinmu a Nassarawa GRA da sanyin safiya, kafin masu kai yara makaranta su cika titi da hon, ya san kukan keken Baba Ƙasimu. Daga Gama yake tuƙo shi kullum, almakashin aske shuka ɗaure a baya. Ya jingine shi jikin mangwaron gidan Hajiya Maryam Nana, ya naɗe ƙafar wando, ya ja tiyo. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana gadina a gidan, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki ya koma garinsu can wajen Haɗeja.

Mu maƙwabta shaidu ne a kan hannunsa. Lemon tsamin bayan ɗakina har na sa a sare, ya ce in ba shi damina ɗaya. Yau kyauta nake yi da 'ya'yansa. Gwandar masallacin layi shi ya dasa, ba wanda ya sa shi. Kuma maganinsa ɗaya ne tak a duniya, wato taki. Ganye ya yi rawaya, taki. Fure ya ƙi fitowa, taki. Larai mai girkin gidan Bakatsiniya ce, kun san su da Haɗejawa ba sa raga wa juna, takan ce ko ciwon kai ka kai masa, kashin kaji zai rubuta maka.

To amma ba lemo ya sa na ɗauki biro ba. Wasu 'yan tukwane ne guda huɗu.

Bara da bazara Najla, autar Hajiya, mai koyar da ilimin tsirrai a jami'a, ta zo da su. Shuka ce 'yar mitsitsiya, ba ta cika tafin hannu ba, kowane ganye kamar baki a hangame, ja daga ciki, da haƙora sirara a gefe. Za ta tafi ƙarin karatu waje na shekara guda, tana so ta dawo ta same su da rai saboda ɗalibanta, waɗanda a littafi kawai suka taɓa ganin irinsu. Ta kira shi baranda.

"Baba, amana zan bar maka. Kar a sa musu taki ko ƙanƙani. Kar a ba su ruwan bohol, sai na sama. Ƙuda suke ci."

"Wa ke cin ƙudan?"

"Shukar."

Ya dubi tukunya, ya dube ta. Ta kamo ƙuda a leda ta jefa, ganyen ya rufe ruf. Baba Ƙasimu ya ja da baya har ya taka tiyo.

"A'uzubillahi! Dakta, wannan shuka ce ko dabba?"

Ta zaunar da shi ta yi masa dalla-dalla. Ta ce abincinta daga rana take haɗa shi kamar kowace shuka. Sai dai a ƙasarsu cikin wani dausayi take fitowa wanda ruwa ya wanke shi tas, babu abin da saiwa za ta tsotsa. Shi ya sa abin da masara ke samu a taki, ita a jikin ƙwaro take samunsa.

"To in abin taki take nema, ga buhu guda can a sito. Me ya kai ta farauta?"

"Saiwarta ba ta ɗauka, Baba. Ƙonewa za ta yi."

Ya ce to. Irin to ɗin nan da ake ce wa likita.

Wata guda da tafiyarta ya ga ɗaya ta rame. Ya tona gefen tukunyar, gansakuka ce da yashi, wurin da ko ƙaya ba za ta yarda ta fito ba. Tausayi ya kama shi. Ya ɗebi taki ɗan abin da yatsu uku suka kama, ya barbaɗa da bisimilla. Kwana takwas ta yi baƙi ƙirin. Ya tsuguna a gabanta yana jujjuya tukunyar cikin mamaki, don tun da yake bai taɓa ganin abin da taki ya kashe ba.

Sai ga babbar sallah. Aka yi layya, maigadi ya samu, direba ya samu, har magen maƙwabta ta samu. Baba Ƙasimu ya zauna ya yi lissafinsa na mutumin kirki: an ce masu cin nama ne, ga su baƙi, a cikin gida, ranar layya, a bar su suna jiran ƙuda? Ai abin kunya ne. Ya zaɓo soyayye mai kyau, da mansa da gishirinsa, ya yayyanka ƙanana ya bi kowane baki ya sa. Biyu ya ba. Ta ukun ya ce jaririya ce, ba ta isa cin nama ba. Kafin a gama yawon sallah bakunan sun ruɓe, biyun suka bi 'yar'uwarsu.

"Bahaɗeje, ka kashe baƙi da kara!" in ji Larai, tana dariya har da riƙe ciki. Da ta ga idonsa ya kaɗa sai ta sassauta. "Ka ce zafi ne ya kashe su. Wa zai ƙaryata zafin Kano?"

Ya je ya roƙi Hajiya ta kira masa Najla a waya, ya cire hula kamar tana gabansa.

"Dakta, uku sun mutu. Ba zafi ba ne, ni ne. Ɗaya taki, biyu naman layya."

Najla ta ce, "Saura ɗaya ke nan, Baba. In ta tafi, ba ni da inda zan samo wata." Ta ce nama ya fi ƙarfinta, sai ƙwaro mai rai, don motsinsa ne ke sa ta damƙe ta narkar da shi. Kuma ɗaya a sati biyu ya ishe ta.

"Ƙuda ɗaya, sati biyu?"

"Ɗaya."

"Ikon Allah. Ga haƙora kamar na kada, ga ci kamar na mai jinya."

Daga ranar ya koma ba ya yin komai sai abin da aka ce, ko da kuwa kansa bai ɗauka ba. Damina duka yana tarar ruwan sama a jarkoki. Da rani ya yi nisa jarkokin suka ƙare, Najla ta ce ruwan da ke ɗiga daga esi, na'urar sanyaya ɗaki, ma zai yi. Gidan Hajiya esi ɗaya ake kunnawa, ga wuta sai an ga dama. Sai ga dattijo da bokiti yana bin gidaje. Ranar da ya yi mini sallama ya ce, "Hajiya, ruwan esinki nake roƙo," wallahi na zaci tsufa ne ya fara taɓa shi. Na ce ga famfo nan. Ya ce na famfo kashe ta zai yi. Na ce wa? Ya ce, "Ni ma da za ki gane ki faɗa mini, da na gode."

Ƙuda kuwa, gidan da ake fesa magani kullum ina zai gan shi? Sai ya hau keke zuwa teburin wani mahauci a Badawa, ya tsaya da ledarsa yana dako. Mahaucin ya gaji ya ce, "Baba, tsakaninka da Allah, wane malamin ne ya ba ka wannan aiki?" Ya ce malama ce, kuma tana Turai.

Baba Ƙasimu, kai ne ka ga abin da kake so yana kama da mai jin yunwa wata goma, ga abinci a hannunka, ka danne zuciyarka. Mu da muka yi renon 'ya'ya mun san bayarwa ba ta da wuya, hanawa ce ke cin rai. Kai ne aka miƙa wa ƙarya mai sauƙi wadda ba mai kama ka, ka ture ta. Na Haɗeja, mai hannun albarka!

Najla ta dawo watan jiya. Ko jaka ba ta ajiye ba ta nufi baranda. Jaririyar nan ta cika tukunya, har ta fid da 'ya'ya biyu a gefe. Ta durƙusa ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗago ta ce, "Baba, ashe ka gane ta."

"Ban gane ta ba, Dakta. Har gobe ban gane ta ba. Riƙe ta dai na yi."

Ta kai wa ɗalibanta uwar, 'ya'yan ta bar su a gida. Shekaranjiya na ji shi ta kan katanga yana damƙa su ga Maharazu, wanda zai gaje shi. Maharazu ya jero tambayoyi, me ya sa kaza, me ya sa kaza. Baba Ƙasimu ya ce, "Kar ka tambaye ni dalili, ba ni da shi. Abu ɗaya na sani. Duk ranar da ka ji tausayinsu ya kama ka, ka sa hannunka a aljihu."

Mun gode, Baba Ƙasimu. Allah ya kai ka gida lafiya, ya sa ka huta cikin jikoki. Mu kuma da muka rage, in an ba mu amana mu riƙe ta yadda mai ita ya ce, ba yadda ranmu ya so ba, ko da har ranar mayarwa ba mu gane kanta ba.